Kafin Ki Tafi Kasuwa, Ki Durƙusa a Tsakar Gida

A bara na je jeren wata 'yar ƙanwata a wata unguwa da ke wajen ganuwar Kano. Kaya kam an yi su, sai dai a ce Allah ya sa albarka: saitin kuloli har uku, farantan tangaran da ko daga kwali ba a fito da su ba, labule mai ruɓi biyu, kujerun da mutum zai nutse a cikinsu. Da na fito tsakar gida zan yi alwala, sai na tarar an rufe rijiyar gidan da wani yagaggen kwanon rufi, an ɗora masa dutse. Gidan na haya ne, ɗaki huɗu, yaran maƙwabtanta ba su kasa bakwai ba, ƙaraminsu ma rarrafe yake yi. Kuɗin saiti ɗaya na kulolin nan ya isa a sa mai walda ya yi wa rijiyar murfin ƙarfe har da kwaɗo. Ban ga laifin kowa ba, haka muka taso muka tarar, ana yi wa ɗaki sayayya da idon 'yan ganin ɗaki. To amma 'yan ganin ɗaki wuni guda suke yi su watse. Wanda zai zauna da kayan nan shekara da shekaru, ya taɓa su, ya lasa, ya jawo su kansa, shi ne yaron da ba a ma haifa ba tukuna.

Shi ya sa duk wadda ta zo neman shawarata kan sayayyar gida, abu na farko da nake ce mata shi ne ta bar lissafin kuɗi tukuna. Ki sami lokacin da gida ya yi shiru, ki durƙusa a tsakar gida har idonki ya zo daidai da na ɗan shekara ɗaya, ki zagaya daga zaure zuwa madafi, daga madafi zuwa makewayi. Za ki ga wani gida daban da wanda kika sani. Za ki ga bahon wanki da aka bari da ruwa, wayar wuta da ta reto daga bango, kwalbar kananzir a bayan ƙofa, hannun tukunya da ya leƙo waje. Ki ɗauki takarda ki rubuta. Abin da zai iya kashe yaro a sama, abin da zai sa shi ciwo a ƙasansa, sannan abin da zai rage miki wahalar aiki. Ado ya zo a ƙarshen takarda, in kuɗi ya yi saura. Maigida, kai ma wannan zagayen ya shafe ka, tunda sau da yawa daga aljihunka kuɗin zai fito, kuma kai ne za ka yi magana da mai walda da kafinta.

Mu fara da ruwa, domin shi ne ya fi yin ɓarna cikin shiru. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa. In ya leƙa bokiti ya rinjaya, ba zai iya ɗago kansa ba, kuma ba zai yi ihun da za ki ji daga ɗaki ba. Ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa. Saboda haka bokitin ajiye ruwa da duro, ki zaɓi masu murfin da ke kamawa gam, wanda ke kanki sai kin sa ƙarfi kafin ki buɗe. Baho kuwa, da an gama wanka ko wanki a zubar a kife shi. Murfin rijiya ya zama na ƙarfe ko na kankare mai 'yar ƙofa, kuma kwaɗon ya zama ana rufe shi da gaske, kada a rataye shi kawai.

Ruwan sha kuma, ni har yau ban ga abin da ya kai randa ba a ƙasarmu mai zafi da ƙarancin wutar lantarki. Jikinta yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, sanyi ya shiga ciki. In za ki saya, ki ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa: wadda ta gasu sosai tana da amo mai daɗi kamar ƙararrawa, mai tsaga ko wadda wuta ba ta ratsa ba sai ki ji sautin ya mutu. Matsalar randa ɗaya ce, moɗa. Yaro ya taso daga wasan ƙasa ko daga kan fo, ya zura moɗa har da hannunsa, ya sha, ya mayar. An wuni ana haka, ruwan gida gaba ɗaya ya gurɓace, gobe a ce gudawar haƙori ce. Magani shi ne moɗa mai dogon mariƙi da ake rataye ta a ƙusa, a ɗebo da ita a zuba a kofi, ba a kai ta baki. Wanda ya fi wannan shi ne randa ko bokiti mai famfo a gindi, a ɗora a kan ɗan benci, kowa ya murɗa ya tara kofinsa. Jarkar da za ki ajiye ruwa, ki tambayi abin da ta fara ɗauka. Wadda aka sayar da man gyaɗa ko manja a ciki, in an wanke ta ba laifi. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur, maganin feshi ko wani sinadarin masana'anta, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, roba tana shanye abin da aka zuba mata. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Lokacin damina da ake fama da amai da gudawa, sai an tafasa, ko a sa maganin tsabtace ruwa irin WaterGuard daidai ma'aunin da ke jikin kwalbar, a jira minti 30 kafin a sha.

Tunda muna maganar tukwanen ƙasa, akwai wata dabara da ta fito daga gida, wadda ya kamata a ce kowace uwargida ta san ta. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunya biyu ce, babba da ƙarama. A sa ƙaramar a cikin babbar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba tumatir ko yalo ko alayyahu a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Kayan miyan da da kwana biyu ko uku za su yi su yamutse, sai su daɗe nesa ba kusa ba. Ta fi aiki a lokacin rani da bazara, sa'ad da iska take a bushe. Da damina ta yi nisa, ƙarfinta yana raguwa. Gidan da ake ganin wuta sau ɗaya a kwana uku, wannan ta fi masa firjin da zai zama kabad.

Sai wuta. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, in ji Hausawa, amma aikinmu shi ne kada ya taka ɗin. Yawancinmu a ƙasa muke girki, da murhu ko kurfoti ko risho, wato daidai inda mai rarrafe yake yawo. In za ki sayi kurfoti, ki ajiye shi a ƙasa a gaban mai shi ki tura da hannu. Mai faɗin gindi da nauyi ki ɗauka, mai siririyar ƙafa da ke rawa ki bar masa abinsa. 'Yar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 da ake ɗora girki a kanta kai tsaye tana da sauƙin kuɗi, sai dai tsayinta da nauyin tukunyar miya a sama sun sa abu kaɗan ke kifar da ita. In ita kike da ita, ki sa kafinta ya yi miki 'yar ƙofar katako mai tsayin ƙugu a bakin madafi. Wannan 'yar ƙofar na ɗauke ta da daraja fiye da rabin kayan kicin ɗin da ake jerawa.

Tukunyar gas kowace iri ce, ki duba gindinta da wajen walda, in da tsatsa mai cin ƙarfe ko lotsawa kada ki saya, musamman ta hannu. Tiyon ya zama na gas ne na asali, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe. Duk ranar da aka ɗuro, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a mahaɗar, in kika ga kumfa tana tasowa to yana tsiyaya. Kada a taɓa gwadawa da ashana. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, shi ya sa madafin da ba shi da taga ko 'yar kafa ta ƙasa bai dace da shi ba. Kananzir kuma ki tsaya wa mai sayarwa guda da kika yarda da shi, domin wanda aka gauraya da fetur ya sha tashi da risho da fitila a gidaje.

Akwai kuma wutar da ba ta ƙuna amma tana kisa. Da hunturu ya shigo, mutane kan shigar da kaskon gawayi ɗaki, su toshe ƙofa da taga saboda mai jego da jariri. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya yi barcin da ba zai tashi ba. Haka hayaƙin janareta yake. Kuɗin da za a kashe a ƙara tsawon wayar janareta don a kai shi can nesa da tagogi, a fili, ba asara ba ne. Bargo mai kauri da hular sanyi da safa su za a saya wa jariri. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti kuwa, ni ba na son ganinta a gidan da ke da yara, tana haɗa ruwa da lantarki da tafasa a wuri ɗaya, a ƙasa.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe, maganar dalma. A shekarar 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma. Sama da yara 400 suka rasu. Dalili shi ne duwatsun zinariyar da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa suna ɗauke da dalma, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, yara suka yi wasa a kai suka kai hannu baki. Wancan bala'i ne da ya fito fili saboda yawan gubar. Wadda ke shiga jiki kaɗan-kaɗan ba ta nuna kanta haka. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ta rage masa kaifin fahimta, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Likitoci sun ce babu wani ma'auninta da za a kira lafiyayye a jinin yaro.

Ta ina take shigowa gidan da ba a haƙar zinariya? Hanya ta farko da ke ba ni tsoro ita ce kwalli. Kwallin dutse mai ƙyalli da muka gada, wanda ake niƙawa a ɗura a tandu, asalinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami wani jariri ɗan asalin Nijeriya da dalma mai yawa a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido, ya tsotsi yatsa. Na san kakanni za su ce mu ma da shi aka raine mu, kuma ina girmama su, amma ido ba ya buƙatar kwalli don ya yi lafiya. A bar wa jariri idonsa haka.

Hanya ta biyu ita ce tukwanen zubi, waɗanda maƙera ke narka tsofaffin ƙarafa su zuba. Suna da ƙarko, suna riƙe zafi, tuwon gidan biki ba ya yiwuwa sai da su, kuma sana'ar mutanenmu ce da nake alfahari da ita. Sai dai abin da aka narka shi ne magana. In tsofaffin tukwane ne da gwangwanayen lemo, da sauƙi. In an haɗa da sassan injin mota da tarkacen kayan lantarki, dalma na iya shiga. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna suna sakin dalma cikin abin da aka dafa, musamman mai tsami. To ki tambayi maƙerin abin da yake narkawa, mai gaskiya zai faɗa miki. Kada ki bar miyar yakuwa, kunun tsamiya, zoɓo ko miyar tumatir su kwana a ciki, da an sauke a juye. Kuma a daina dirje cikinta da yashi don ta yi ƙyalli, wannan duhun da ta yi a ciki kariya ce. Abincin jariri kuwa, ki ware masa 'yar tukunya ta ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Ta fi tsada, amma sayen nagari mai da kuɗi gida ne, za ta raini yara biyar ba ta canja ba.

Kayan roba ba su ƙirguwa, wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Wambai ya san haka. Ki juya gindin kwano ko kofi ki nemi 'yar alamar nan mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 5 ta fi jure abinci mai zafi, mai lamba 2 ta dace da ruwa. Wadda ba ta da alama, ga wari mai hawa kai, ga launi dusu-dusu, galibi daga narkakkun tsofaffin robobi aka yi ta. Ta yi wanki da shara, ba ta dace da abinci ba. Ki lanƙwasa bakin bokiti kaɗan, in ya yi fari a wajen lanƙwasar to ba zai kai damina biyu ba. Araha ba ta ado. Kwanon samira yana da kyau matuƙar fentinsa na ciki bai ɓantare ba. Ƙwarya da akushi da ludayin duma kuwa ba su taɓa cutar da kowa ba, in dai ana wanke su a shanya su bushe, kuma ina jin takaicin yadda muke kunyar fito da su.

Bulumboti ba ya cikin abin da zan ce ki saya. Wata shida na farko nono zalla ake so, bayan nan ƙaramin kofi da cokali sun wadatar. Kan bulumboti yana ɓoye dattin da sai an tafasa shi kullum kafin ya fita, kuma gida nawa ne ke da gawayin yin haka sau biyar a rana? Fo kuwa ki saya tun yaro yana fara zama, mai faɗin gindi, a zubar a masai nan take. Kusa da makewayi a ajiye buta da sabulu a inda hannun ɗan shekara uku zai kai.

In dare ya yi, babu kayan da ya kai gidan sauro mai magani. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi mutuwa. Sau da yawa ana raba shi kyauta a wajen awon ciki da lokacin gangamin rabo, in kuma saye za ki yi, ki tabbatar yana cikin ledarsa a rufe kuma an rubuta mai magani ne. Sabo a baza shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana a ciki, hakan yana rage ƙaiƙayin fuskar da ke sa mutane su tsane shi. Maganinsa yana kai kimanin shekara 3 ko wanki 20, in ana wanke shi da sabulu mai laushi ba tare da dirza ba, ana kuma shanya shi a inuwa. Ki auna shimfiɗarki kafin ki saya, domin dole ya sami rarar da za a cusa a ƙarƙashin katifa ko tabarma. Lokacin zafi da ake kwana a tsakar gida, a kafa ƙusoshi ko sanduna a can ma, sauro bai san an fito shan iska ba. Ƙaramin rami a ɗinke shi da zare da allura tun bai yi girma ba. Yana ɓata mini rai in ga sabon gidan sauro an kewaye lambu da shi, alhali yaran gidan suna kwana a buɗe.

Shimfiɗar jariri ta zama mai ɗan tauri, a kwantar da shi rigingine, ba tare da tarin matasai masu laushi da ake haɗowa cikin saitin kayan suna ba. Fitila kuwa, mai caji da hasken rana ta raba mu da kyandir da aci-balbal, waɗanda ba su da haɗi da gidan sauro ko kaɗan. Ki zaɓi wadda farantin cajinta ke da doguwar waya, a bar faranti a rana fitila tana inuwa, batirinta zai fi daɗewa. Ki sa mai kanti ya kunna ta a gabanki, ki kuma nemi takardar garanti.

Abu mafi arha a duk takardarki shi ne ɗan akwati mai kwaɗo da za a kafe a bango sama da tsayin babba. A ciki za a tara fiya-fiya, shinkafar ɓera, bilic, sodar yin sabulu, da magungunan asibiti na manya. Kada a taɓa juye ko ɗaya daga cikinsu a robar lemo ko ta ruwa. Yaro mai ƙishirwa ya ga kwalbar da ya saba sha, ba zai tsaya shinshinawa ba. In tsautsayi ya sa ya sha kananzir ko soda, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin kananzir yana sauka huhu, soda kuma tana sake ƙona maƙogwaro in ta dawo. A ɗauki kwalbar a nufi asibiti. Maganin ƙwari irin Sniper na gona ne, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna, bai kamata a yayyafa shi a ɗakin kwana ko a zuba a buhun wake ba. Ƙwallayen kafur da ake sawa cikin akwatin tufafi ma a nisanta su da kayan jariri. Akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, kuma suna da yawa a ƙasarmu, yana iya jawo musu shawara mai tsanani a makon farko. Duk abin da za a ci, a sha, a shafa ko a fesa, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Kayan wuta irin su soket da waya, a nemi masu alamar hukumar SON, kuma a ɗaga su daga ƙasa.

Kayan wasa sun fi shigowa gida da Sallah, daga hannun kawunnai da gwaggonni masu son faranta rai. Ga ma'auni mai sauƙi ga ɗan ƙasa da shekara 3: ki haɗa babban yatsanki da manuni su yi zobe, duk abin da ya wuce ta ciki zai iya maƙale masa a wuya. Ki ja idon 'yar tsana da tayar mota da ƙarfi tun a kasuwa, in sun cire a hannunki za su cire a bakinsa. Abin wasa mai ƙara ko walƙiya, ki duba ma'ajiyar batirinsa, sai mai ɗaure da noti. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, in yaro ya haɗiye shi ya tsaya a maƙogwaro, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin, saboda haka ba abin da za a jira gari ya waye ba ne. Fasasshen balan-balan a tsince shi nan take. Bindigar roba mai 'yan ƙwallaye kuwa ta raba yara da dama da idanunsu, ba ta da wani amfanin da zai rama wannan.

Keken nan mai tayoyi da ake zaunar da jariri a ciki don ya koyi tafiya, Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Ba ya gaggauta tafiya, sai dai ya ba yaro gudu da tsayin da zai kai ga murhu ko ya gangara daga dandamali. Tabarma mai faɗi a inuwa, a bar shi ya yi rarrafensa, ta fi. In ya fara miƙewa da kansa, keken katako mai ƙafa uku da kafintocinmu ke yi ya isa, a tsakar gida mai laushi kuma da babba a kusa, a kuma goge shi sosai kada sartse ya shige shi. Manyan yara kuwa, ƙwallo, allo da alli, da karan dawa da za su ƙera motarsu da kansu sun fi riƙe hankalinsu fiye da abin da batiri ke yi musu komai.

Saura lambu. Ba sai kina da fili ba. Tsofaffin buhunan shinkafa ko fasassun bokitai, a huda gindinsu, a cika da ƙasa mai kyau da aka gauraya da ruɓaɓɓen takin awaki, a jera a gefen katanga inda rana ke samu rabin wuni. Alayyahu yana kai tsinka cikin kamar wata ɗaya. Rama, yakuwa da kuɓewa ba su da rigima. Kayan aikin da za ki nema kaɗan ne: 'yar fartanya daga maƙera, wadda za ki duba ƙotarta ta zauna daram, da butar ban-ruwa, ko gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa wanda yaro zai iya ɗauka ya taya ki. Adda da lauje a rataye su sama. Ruwan wanke shinkafa da na alwala ya isa ban-ruwa, ban da mai omo ko bilic. In ƙwari suka sa ganye a gaba, toka ko ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya a ciki ya wadatar, ba a kawo maganin feshin gona kan abin da za a tsinka yau a dafa gobe. Tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da ruwa ke kwanciya a ciki a kife su, nan sauro ke ƙyanƙyasa.

Kafin ki shuka, ki duba abin da ya riga ya tsiro. 'Ya'yan bini-da-zugu da na zurman suna kama da abin ci a idon yaro, kuma guba ne. Zaƙami yana gusar da hankali, ruwan tumfafiya da na tinya suna cutar da ido. A tumɓuke su daga inda yara ke wasa. A gurbinsu ki dasa zogale, ko da reshe ɗaya ne mai kaurin taɓarya ƙarama aka saro miki daga maƙwabta a farkon damina. Ki kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki. Da ya kai ƙirjinki ki datse kansa, zai yi rassa ta gefe ya cika da ganye a daidai inda hannu ke kai. Wanda ya yi yawa a shanya shi a inuwa, a daka, a ajiye a kwalba mai murfi, ana barbaɗa cokali guda a faten yara ko a miya in an kusa saukewa.